Darasi: Gayya da Kala

Abin karantawa: Littafin Firistoci 19:9-10, Luka 14:12-14.

Manoman ƙasar Lafia sun san gayya. Sa'ad da lokacin tada kunyar doya ya yi, mutum ya kan kira maƙwabta, su zo da garemani, su gama masa a yini guda aikin da zai ci masa kwanaki. Gobe kuwa shi zai tafi gonar wani. Wanda ya ƙi zuwa, ran da ya yi kira ba mai amsa masa. Haka adashi ya ke a kasuwa. Ba alkali, ba ɗan doka, amma kowa yana cika alkawari.

Waɗansu masana sun ce asalin kirki ke nan duka. Tomas Hobbes, mutumin Ingila, ya koyar cikin littafinsa na 1651 cewa tsoron juna da son zaman lafiya su suka sa mutane ƙulla alkawari, daga nan adalci ya fito. Wato cuɗe ni in cuɗe ka.

Kada mu rena wannan magana, gama hankali kyautar Allah ne, gayya kuwa tana ciyar da gari. Amma mu lura da waɗanda ta ke tsallakewa: gwauruwa wadda ba ta da ɗa mai riƙe garma, da makaho, da baƙo mai wucewa. Ba su da abin ramawa, saboda haka lissafin riba ya yi shiru a kansu. Mutumin da ya kwashi adashi kuma, yana shirin barin gari har abada, wane lissafi zai hana shi gudu? Duk da haka mun san ɓarawo ne, shi ma ya sani. Bulus ya nuna mana inda sanin nan ya fito cikin Romawa 2:15, inda ya yi zancen shari'ar da ke rubuce a zuciya.

Shari'ar Musa ta hana manomi girbe gefen gonarsa, ta hana shi yin kala, domin matalauci da baƙo su samu. Ba a faɗa masa ribar da zai ci ba. Dalilin da aka bayar shi ne Ubangiji ne Allahnsa. Da kalan nan Rut ta ciyar da surukarta. Yesu ya ƙara gaba, ya ce a kira guragu da makafi wurin biki, domin ba su iya sāka wa mai gida.

Wani zai ce, ai ya yi alkawarin sakamako a ranar tashin masu adalci, ashe riba ce kuma. Sakamako yana nan, ba mu musu. Amma mu duba wanda zai biya. Ba makahon ba ne, ba jama'ar gari ba ne. In an fid da Allah daga lissafin, bikin nan hasara ne tsantsa.

Tambaya: Gonar wa ce cikin ikilisiyarmu ba a taɓa kira mata gayya ba?