Amsoshin Tambayoyinku: Akwai na'urar da ke hango zinare daga nesa?

Tambaya: Ni mai gyaran rediyo ne a Gwaram. Ni da abokina na Birnin Kudu mun harhaɗa wata na'ura mai eriya, irin wadda masu talla ke cewa tana nuna zinare daga nisan kilomita guda. In na binne zobe da kaina, eriyar kan juya wurin. In abokina ne ya binne, sai ta yi ta dawurwura. Ina muka kuskure a haɗin?

Amsa: Malam, ba ku kuskure ko'ina ba. Aikin da ake jingina wa na'urar ne ba mai yiwuwa ba, kuma gwajinku ya riga ya nuna haka.

Zinare ba ya aika wani saƙo da eriya za ta kama. Na'urar gano ƙarfe ta gaskiya ita ce ke fara magana: faifan da ake shafa ƙasa da shi yana ɗauke da koyil, wuta mai kai-komo tana bi ta cikinsa ta haifar da ƙarfin maganaɗisu. In wannan ƙarfi ya taɓa ƙarfe, sai ya tayar da 'yar wuta a jikinsa, na'urar ta ji amsar ta yi ƙara. Amsar nan kuwa tana mutuwa da wuri. Ga ƙaramin abu, in nisa ya ninka biyu, ƙarfinta kan ragu kusan sau 64. Shi ya sa kwabo ba ya jiyuwa in ya wuce zurfin santimita 30 ko kusa da haka. Ko masu haƙar zinaren da suka cika Djado a Nijar a 2014, taku-taku suka riƙa bin ƙasa, faifai na shafar yashi.

Me ke juya eriyarku? Hannunka. Tana zaune a kan ƙusa mai santsi, karkata kaɗan ta ishe ta. In ka san inda zoben yake, tsintsiyar hannunka kan karkata can ba da saninka ba. In akwai ƙwan fitila da 'yar ƙara a cikin na'urar kuwa, wayar wuta ko wayar salula da ke aljihunka na iya tayar da su.

An sha cutar manya da wannan. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa Iraki da wasu ƙasashe na'urar ADE 651, mai eriya irin taku, da sunan tana gano bam daga nesa. Da aka buɗe ta, babu abin da ke aiki a ciki.

Ga gwajin da zai raba gardama. Ku kife kwanon roba guda 10 a fili, taku biyar-biyar tsakani. Wani ya ɓoye zoben ƙarƙashin ɗaya, ya rubuta lambar, ya bar wurin kafin ka zo, don ko kallonsa na iya ba ka satar amsa. Ku maimaita sau 20. Mai canki kawai zai dace kamar sau 2. In na'urar ba ta yi wa wannan fintinkau ba, magana ta ƙare.

In kuna son abin da zai yi aiki, ku naɗa koyil ku haɗa ƙaramar na'ura mai faifai. Kayanta ba sa wuya a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Sai dai marmara da wasu duwatsun yankinku na ɗauke da sinadarin ƙarfe, suna sa ƙarar banza, don haka ku fara daidaita ta da ƙasar wurin.

In kun fita nema da ita, ku nisanci Dutsen Mesa da Dutsen Habude na Birnin Kudu, masu zanen mutanen da, domin hukumar adana kayan tarihi ta ƙasa ke kula da su. Haƙar ma'adinai kuwa, dokar 2007 ta ce sai da lasisin gwamnatin tarayya. Duk wanda ya kawo muku mai hangen nesa ta sayarwa, ku kife masa kwanonin nan 10 kafin a yi maganar kuɗi.