Darasi: Gidan Robilin, masu gina gada

Jon Robilin mutumen Jamus ne. An haife shi a 1806. Ya yi karatun lissafi da na gini, sa'an nan ya ƙaura zuwa Amurka a 1831.

A can ya tarar ana jan jiragen ruwa bisa tsauni da igiyar rama. Igiyar tana saurin ruɓewa, tana tsinkewa. A 1841 ya murɗa igiya da zaren ƙarfe. Da irin wannan igiya ya riƙa rataya gada bisa manyan koguna. Ya kafa masana'anta a garin Tirenton, ya koya wa ɗiyansa aikin.

Babban aikinsa shi ne gadar Burukilin, a birnin Nuyok. Amma bai ga farkon gininta ba. A 1869, yana awo bakin kogi, jirgin fito ya matse masa ƙafa. Aka yanke masa yatsu. Ya ƙi maganin likita, ya ce ruwa kaɗai ya isa. Ciwon tetanos, mai sarƙe haƙora, ya shige shi, ya rasu.

Ɗansa Washinton, mai shekara 32, ya gaje shi. An fara aiki a 1870. Don a kafa ginshiƙai, an nutsa manyan akwatunan katako ƙarƙashin ruwa, ana tura musu iska da ƙarfi, ma'aikata suna gina rami a ciki. Wanda ya fito da gaggawa, jikinsa yakan mutu. A 1872 ciwon ya kama Washinton, ya kwanta gida.

Sai matarsa Emili ta tashi tsaye. Ta koyi lissafin gini, ta san ƙarfin ƙarfe da na dutse. Ita ke rubuta umurnin mijinta, ta kai wurin aiki, ta amsa tambayoyin injiniyoyi. Haka ta yi shekara fiye da goma. Ran 24 ga watan Mayu 1883 aka buɗe gadar. Tsakanin ginshiƙanta biyu mita 486 ne. Har yau ana bi ta kanta.

Ƙannen Washinton, Fardinan da Carles, suka riƙe masana'anta. Igiyoyin ƙarfen babbar gadar San Faransisko, wadda aka buɗe a 1937, daga gidan nan suka fito. An sayar da kamfanin a 1953.

Da uban ya ɓoye saninsa, da aikin ya bi shi kabari. Da matar ba ta iya karatu da rubutu ba, da gadar ta fita hannun gidan.

Tambayoyi:
1. Mi ya kashe Jon Robilin? Ina ya kamata mai rauni ya tafi?
2. Wane aiki Emili ta yi?
3. A garinku, wane magini ne ke koya wa yara sana'arsa?