DARASI: WA ZAI RIƘE SHAGO IN MAI SHAGO YA KWANTA?

Karatu: Matiyu 25:14-30

'Yan'uwa, da yawa cikinmu muna noma da damina, da rani kuma mu riƙe 'yar sana'a. Wani yana da injin niƙa, wani tela ne, wani mai hoto. Yau bari mu yi misali da mai hoto.

A ce ga wani ɗan'uwa da shagonsa a bakin kasuwa. Ya karɓi kafin alƙalami na bikin aure biyu a watan Disamba. Makarantar firamare kuma ta ba shi aikin hoton fasfo na 'yan aji shida. Sai ya faɗi da babur, aka kwantar da shi asibiti mako shida. Matarsa ta je banki, aka ce ba sunanta a asusun. Yaron shago ya iya ɗaukan hoto sarai, amma ba kuɗin sayen takarda da tawada. Kafin a sallamo shi, aikin makaranta ya koma hannun wani, iyayen amare kuma suna ƙofa suna neman kuɗinsu.

Ba wanda ya ci amanarsa. Abin da ya rasa takarda ce guda ɗaya.

MECE CE TAKARDAR WAKILCI?

Takarda ce wadda mutum ke rubutawa tun yana da lafiya, ya ba wani iko ya yi wasu ayyuka da sunansa. Abin da wakili ya yi cikin iyakar ikon nan, a shari'a kamar mai shago ne ya yi.

ABIN DA ZA A KIYAYE

1. Zaɓi mai aminci wanda ya san aikin. Ba dole sai ɗan fari ba.

2. Rubuta ayyukan ɗaya-ɗaya: karɓar kuɗi, biyan haya, sayen kayan aiki, miƙa wa mutane hotunansu. Rubuta kuma abin da ka hana, kamar sayar da kamara ko cin bashi.

3. Faɗi lokacin da ikon zai fara da lokacin da zai ƙare.

4. Sa hannu a gaban shaidu. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa da harshen da yake ji kafin ya dangwala yatsa, a kuma rubuta cewa an yi haka.

5. Je banki da kanka tare da wakilin. Banki yana da nasa fom na ƙara mai sa hannu. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka a maimakon wannan.

6. In maganar ta shafi gona ko fili, nemi lauya, gama dokar ƙasa ta 1978 tana da nata sharuɗɗa.

Ka sani kana da iko ka soke takardar. Ka sani kuma ranar da mai ita ya rasu, ikon wakili ya ƙare. Daga nan sai wasiyya da maganar gado. Wannan darasi ne na wata rana.

Wani zai ce, "Rubuta irin wannan ai kiran masifa ne." A'a. Mai cika rumbu ba yunwa yake kira ba. A misalin da muka karanta, maigidan bai tashi tafiya ba sai da ya danƙa dukiyarsa, kowa gwargwadon iyawarsa. Da ya komo kuma ya nemi lissafi. Haka wakili zai riƙe littafi, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. In ka kwanta gobe, wa zai buɗe shagonka?

2. Mutum nawa ke sa hannu a asusun ƙungiyarmu? In ma'aji ya yi tafiya, za mu iya sayen taki?

3. Ka taɓa zama da matarka, ko ke da mijinki, a kan wannan magana?

Kowa ya zo da amsarsa taro na gaba. Ubangiji ya sa mu zama masu riƙon amana.