RUFE LITTAFI, KA FAƊA MANA

Ya ku iyaye da malamai, darasinmu na wannan wata a kan karatun 'ya'yanmu ne. Sau da yawa mukan ji yaro yana karatu da babbar murya, ba ya tuntuɓe ko a kalma ɗaya, sai ranmu ya yi fari. Amma in muka karɓi littafin daga hannunsa muka ce, "To, me labarin ya ce?" sai ya sunkuyar da kai, ya yi shiru. Bakinsa ya karanta, amma maganar ba ta shiga zuciyarsa ba. Wannan abin baƙin ciki ne, gama uba ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin makaranta, ga shi kuwa yaron zai fita bai iya gane wasiƙa ko takardar magani ba.

Laifin ba na yaron kaɗai ba ne. Mu ne muka koya masa maimaitawa, muka bar shi a nan. Bari mu duba abu uku waɗanda za su taimake mu.

1. A GANE TUKUNA

Kafin yaro ya soma karatu, a nuna masa kan magana da hoton da ke shafin, a tambaye shi ko labarin me yake tsammani zai ji. In akwai kalma mai wuya, a bayyana masa ita tun da fari. Sa'an nan ya karanta kaɗan, ya dakata, a yi masa tambaya.

Tambaya kuwa iri biyu ce. A ce an rubuta, "Da manomin ya ga hadari ya taso daga gabas, sai ya yi sauri ya kwashe hatsin da ya shanya." In muka ce, "Me manomin ya kwashe?" yaro zai sa yatsa a kan takarda ya sami amsa. Amma in muka ce, "Don me ya yi sauri?" ba a rubuta amsar ba. Sai ya yi tunani, ya tuna da abin da ruwa kan yi wa hatsi. Irin wannan tambaya ta biyu ita ce ke nuna mana wanda ya gane.

2. A RUFE LITTAFI, A FAƊA

Yawancin yara suna zaton hanyar riƙe karatu ita ce a yi ta karantawa sau da sau. Masana sun gwada, sun tarar akwai hanyar da ta fi wannan. A shekara ta 1917 wani malami a Amurka, Arthur Gates, ya gwada 'yan makaranta. Ya tarar waɗanda suka ba da fiye da rabin lokacinsu ga faɗin darasi da ka, suna duba takarda in sun kakare kaɗai, sun fi waɗanda suka yi ta karantawa riƙewa.

A shekara ta 2006 kuma waɗansu masana biyu, Roediger da Karpicke, suka ba 'yan jami'a ɗan guntun labari. Kashi ɗaya suka yi zama huɗu suna karanta shi. Kashi na biyu suka yi zama ɗaya suna karatu, sauran zama uku suna rubuta abin da suka iya tunawa. Da aka jarraba su bayan minti 5, masu yawan karatu suka fi. Amma bayan mako guda, masu yawan karatu sun riƙe kashi 40 cikin 100, masu tunawa kuwa kashi 61.

Wannan ya nuna mana yadda yawan karantawa ke ruɗin yaro. Idonsa ya saba da kalmomin, sai ya ce ya iya. Sai an rufe littafi gaskiya kan fito. Saboda haka bari ya faɗi labarin da kalmomin kansa, ko da ya yi ta inda-inda. Kada mu yi saurin cika masa magana, gama wannan ƙoƙarin tunawa shi ne ke kafa karatun a ransa.

3. A KOMA BAYAN KWANAKI

Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya buga littafi a shekara ta 1885 a kan mantuwa. A kan kansa ya yi gwajin. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya auna abin da ya rage masa bayan sa'a ɗaya, da kwana ɗaya, har wata guda. Ya tarar mantuwa ta fi sauri a cikin sa'o'i na fari, daga baya sai ta lafa. Ya kuma tarar maimaitawa sau 38 da aka raba cikin kwana uku ta yi daidai da sau 68 a zama ɗaya.

Mai lambu ya san wannan. Ba ya zuba wa shuka ruwan mako duka ran Litinin, ya tafi abinsa. Haka karatu yake. Abin da yaro ya koya yau, a tambaye shi gobe, a sāke bayan kwana uku, a sāke bayan mako. Yaron da ya tara karatunsa duka sai daren jarrabawa, wataƙila ya ci, amma kafin wata ya zaga abin ya zube.

AIKINMU A GIDA

Wannan aiki ba ya bukatar kuɗi. Uwa tana tuƙa tuwo tana iya cewa, "Zo, ka faɗa mini abin da kuka karanta yau." Uba ya karɓi littafin ya riƙe, ya yi tambaya biyu ko uku, ɗaya a cikinsu ta zama "Don me?" Babban yaro ya ba ƙannensa labarin da ya karanta. In ya yi kuskure, a buɗe shafin a gyara tare, ban da tsawa, gama yaron da ke jin tsoro ba ya iya tunani. Minti 10 kowace yamma ya isa. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Yanzu fa, 'yan'uwa, bari mu soma da kanmu. Mu rufe wannan takarda, mu faɗi abu ukun nan da ka, mu sāke faɗinsu jibi.