Amsoshin Tambayoyinku: Kayan Wasan Yara a Barmu

Wata mai sauraronmu daga Barmu, a jihar Tawa, ta ce maigidanta ya tafi ci-rani Abijan, ya bar ta da yara uku, ba kuɗin sayen kayan wasa. Me za ta yi musu?

To, Malama, Allah ya raya mana su. Ai kayan wasan suna bayan ɗakinki. In an gama girbin hatsi, ki samu kara busasshe, ki ɓare bayansa siri-siri, ki yanka ɓargon gunduwa-gunduwa. Da waɗannan ake harhaɗa motar kara, a yanko tayoyi daga tsohon silifa, a ɗaura zare. Ki bar babban ya haɗa da hannunsa, ko ta karkace. Wallahi wadda yaro ya ƙera ya fi ririta ta.

In tabki ya ja baya, laka ta samu, su gina shanu da raƙuma su shanya a inuwa don kada su tsage. Mace kuwa, ƴar tsana da ƙyallen tela da carafke sun ishe ta.

Sai dai na goye, wanda bai kai shekara 3 ba, a nisanta shi da tsakuwa da bakin gwangwani, komai baki yake kaiwa.