Kamun Kai da Nauyin Zuciya a Shekarun Samartaka

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8, Afisawa 6:1-4

A gidaje da yawa, yaron da ke mance aike, ya bar aikin makaranta a rabi, ko ya fusata a kan abin da bai kai ya kawo ba, sunansa ɗaya: mai taurin kai. Wani lokaci haka ne. Amma masana sun gano cewa sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi, wanda ke riƙe umarni, ya tsara aiki, ya kuma ja wa sha'awa linzami, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Sashen da ke tayar da fushi da ɗoki kuwa yakan riga shi ƙarfi.

Abin da ya fi ɓoyuwa ga iyaye shi ne yadda baƙin ciki mai daɗewa da fargaba ke cinye wannan linzami. Yarinya mai shirin WAEC takan karanta shafi sau uku ba ta riƙe komai ba, domin tunaninta na can yana juya abu guda. Idan ta faɗi jarrabawa aka bi ta da bulala da gori, damuwar ta ƙaru, hankalin ya ƙara warwatsewa. Haka kuma, yaron da bai iya tsayar da mugun tunani ba ya fi saurin faɗawa cikin ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wani ciwon tunani. 'Ya'yan masu bi suna cikin lissafin.

Littafi Mai Tsarki ya lissafa kamun kai cikin 'ya'yan Ruhu (Galatiyawa 5:22-23), 'ya'yan itace kuwa da lokacinsu suke nuna. Sa'ad da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, Ubangiji ya fara ba shi abinci da barci kafin magana. Matashi na bukatar barcin awa 8 zuwa 10, abin da waya a ƙarƙashin matashin kai ke sacewa. Aike ɗaya a lokaci ɗaya ya fi biyar a jere da tsawa, manzo Bulus ma ya gargaɗi ubanni game da tsokanar 'ya'yansu.

Idan ƙunci ya wuce mako biyu, yaro ya janye daga abinci, abokai da zumuntar matasa, a sanar da fasto a yi addu'a, a kuma kai shi ga likita. Idan ya ambaci mutuwa, a kai shi a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.