Darasi Na 14: Haraji, Kanti da Kasuwar Intanet

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ta bunƙasa ne albarkacin mahaɗar jirgin ƙasa, har ta zama cibiyar ciniki a kudancin Jihar Kaduna. A yau masu kantunanta sun sami sabon abokin gasa, wato mai sayarwa ta intanet. Da waya kaɗai mutum zai zaɓi takalmi a Jumia ko a WhatsApp, ya biya, a aiko masa da shi.

Masu kantuna kan ce kayan intanet sun fi araha ne domin ba a biya musu haraji. Shin haka ne? A Nijeriya an fara karɓar harajin kayayyaki, wanda ake kira VAT, a 1994, a kan kashi 5 cikin ɗari. A 2020 aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5. Ke nan takalmin naira 20,000 zai koma naira 21,500. Mai saye ne ke biya, mai sayarwa ya karɓa ya miƙa wa gwamnati. Doka ba ta bambanta kanti da intanet ba, sai dai ya fi wa ma'aikacin haraji sauƙi ya sami kantin da ke bakin titi fiye da mai cinikin da ba shi da rumfa. Har Amurka ta yi fama da wannan matsala, sai a 2018 Kotun Ƙolinta ta amince jihohi su tilasta wa 'yan kasuwar intanet karɓar haraji.

Amma ba haraji ne kaɗai dalili ba. Mai kanti yana biyan kuɗin haya, da na wuta, da na ƙaramar hukuma, kuma duk a farashi suke ƙarewa. Shi ma yana da nasa makamin: mai saye yana taɓa kaya, ya gwada, ya yi tayi, ba ya kuma biyan kuɗin aike. Gani ya kori ji. Adalci dai shi ne kaya iri ɗaya su ɗauki haraji iri ɗaya, domin da haraji ake gina makarantu da hanyoyi.

Ma'anar Kalmomi
albarkacin: saboda
gasa: ƙoƙarin fin wani
araha: sauƙin kuɗi
tayi: faɗin abin da mai saye zai iya biya
tilasta: sa mutum dole

Tambayoyi
1. Me ya sa Kafanchan ta bunƙasa?
2. Wa ke biyan VAT, wa ke karɓa?
3. Nawa ne harajin rigar naira 10,000?
4. Mene ne ma'anar "gani ya kori ji"?

Aiki
Ku tambayi wani mai kanti a garinku irin kuɗaɗen da yake biya, sannan ku rubuta jimloli biyar.